Kwalin Sukari a Cikin Hula

Litinin ta ƙarshe a watan Mayu, bayan la'asar, hadari ya haɗo ta wajen Akwanga, ina ta kiciniyar kwashe barkonon da uwargida ta shanya a tsakar gida kafin ta tafi barka, sai ga kiran Auta daga Amurka. Bayansa hayaniya kamar tashar mota. Wai sun cika wani zaure maƙil, kowa ya zuba wa talabijin ido, yau ake bayyana jami'o'in da za su shiga gasar ƙarshen kakar besbol, wasan nan nasu da ake maka wa 'yar ƙwallo kulki a zura da gudu. Shi ba ya bugawa. Ɗan kallo ne kamar ubansa, amma ɗokin da ke muryarsa ko masu kulkin sai haka. Ya dinga zuba mini bayani ina amsa masa da atishawa: jami'a 64 ake ɗauka, kusan rabinsu sun shiga da guminsu don sun ci kofin rukuninsu, sauran kuwa wani kwamiti ne ke shiga ɗaki ya ja ƙofa, ya auna wa ya ci wa, a gidan wa aka ci shi, sannan ya tsamo waɗanda ya ga sun isa. A kasa su kashi 16, huɗu-huɗu, babba ya sauki sauran a gidansa, a fara haɗa shi da ƙaraminsu. A yi ta tankaɗe da rairaya har a samu takwas, su ne za su tafi wani gari wai shi Omaha, inda ake ƙarƙare gasar tun 1950.

Na ce, "To, Auta, wa ke sa hannu a hular?"

Ya ƙyalƙyale da dariya. "Wace hula kuma, Baba? Lissafi suke yi. Kuma a nan sai an ci ka sau biyu kake fita."

Sau biyu. Na tsaya riƙe da bakin tabarma har yayyafi ya fara taɓa kwano ban sani ba.

Ni hula na sani. Zanna-bukar ce mai ruwan ƙasa, bakinta ya yi baƙi da gumi da man kai, tana tashin ƙamshin Bintu Sudan da goro, kuma lokacin da na tura hannu cikinta ɗumin kan mai ita bai gama fita ba. Shekara arba'in ke nan. Ɗumin yana nan a yatsuna.

Amma kafin a kai ga hula sai an biyo ta damina, kai ma ka sani, kada ka yanke wa kanka labari.

Daminar 1985 ce. Rediyon Baba National ne mai rigar fata, batiransa 'yan Tiger Head da muke jerawa a kan kwanon ɗaki su sha rana ko sa ƙara kwana biyu, kuma a cikinsa ne, tsakanin shuu da rugugin tsawa, muka ji cewa yara 'yan ƙasa da shekara 16 sun ci Jamus ta Yamma biyu da nema a birnin Beijing ranar 11 ga Agusta, wani Nduka Ugbade ya ɗaga kofin duniya. Shekarata 16 cif. Daren nan na kwana ina juyi a kan tabarma, sauro na kuka a kunnena, ni kuwa ina can ina ɗaga kofi. Bayan mako biyu, ana cikin hidimar babbar Sallah, rediyon ya wayi gari da badujala, manya suka taru a zaure suna magana ƙasa-ƙasa, Baba ya ce kada wanda ya leƙa waje. Abin da ya dame ni a ranar bai wuce an hana ni zuwa fili ba.

Da ƙwallon tsumma muka fara kamar kowa, tsohuwar safa da aka cusa wa ƙyallaye aka ɗaure da zaren buhu. Daga nan ɗanyen garehul, wanda muke turbuɗawa cikin toka mai zafi ya yi laushi kada ya fasa mana yatsu, in ya fashe kuwa ƙafa ta yini tana ƙamshin ɓawo. Sai felele, 'yar roba mara nauyi da iska ke yi wa jagora, ka buga gabas ta nufi kogin Antau. Ƙwallon fata guda ɗaya ce tak a makarantarmu, tana kwana a kabad ɗin malamin wasanni, wanda muke kira Gemmasta kamar sunan yankansa ne. Tsohuwa ce, mai balada a ciki da igiyar ɗinki a baki. Ni ake aika da ita wurin mai facin keke a Tudun Kofa, in tsuguna ina shaƙar sholisho yana laluben hujin a cikin kwanon ruwa, in kumfa ta taso ya ce, "Ga ɓarawon nan." Daga can in biya ta wurin mahauta in roƙi ɗan kitse mu shafe ta. In ta sha ruwan sama sai ta koma kabewa, wanda ya sa mata kai ta wajen igiyar sai ya kwana uku da tambari a goshi. Nuna wa juna tambarin muke yi.

Ba mai amsa sunan da ubansa ya raɗa masa a filin nan. Tun ranar 22 ga Maris 1980, da aka ci Aljeriya uku ba ko ɗaya a Surulere, Shagari ya miƙa wa Chukwu kofi, unguwa ta cika da su Muda da su Adokiye. Mai tsaron gidanmu Okala ne, ko da yake Okala na gaskiya dogo ne kamar giginya, namu kuwa sai ya yi tsalle yake taɓa sandar sama. Ni ne Odegbami, lamba bakwai. Ni na raɗa wa kaina, kuma iya sanina ba wanda ya taɓa kirana da shi ko da kuskure.

Kawu, ƙanen Inna, direban gingimari mai jigilar doya, duk waɗannan yara ne a wurinsa. Shi Mighty Jets ya sani. Ya ga Sam Garba da idonsa a Jos yana ratsa mutane kamar allura a cikin alawayyo, ya ga shekarar da suka ci lig, 1972, ya kuma ga yadda suka yi ta zuwa wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale suna dawowa hannu rabbana, har ya haƙiƙance cewa hannu aka sa musu. Ranar da labarin rasuwar Sam Garba a haɗarin mota ya iso, a 1978, tuwon Kawu a rufe ya kwana. Daga bakinsa na san Jos kafin in gan ta: sanyin da ke daskarar da man gyaɗa a kwalba, dankalin Turawa tuli-tuli a bakin titi, da Hawan Kibo inda mota ke nishi kamar mai naƙuda, yaron mota na bin ta a ƙasa da weji a hannu. Wanda duk ya ci kofin shiyyarmu, Jos za a kai shi, a bayan mota, da bargo.

Saboda Jos na sayi kambas. Wata uku ina dakon doya ranar kasuwa, daga bakin mota zuwa rumfa, gammo a ka, ƙasar doya na zubo mini a wuya, ina jefa sule da sisi cikin asusun yumɓu da na ɓoye a bayan randar Inna. Ranar da na fasa shi sau uku na ƙirga. Fari ne, na Bata, kuma da na buɗe kwalinsa wani ƙamshin sabuwar roba ya buge ni wanda har yau in na shiga shagon taya sai gabana ya faɗi. Na naɗe shi cikin tsohuwar Gaskiya Ta Fi Kwabo na sa a ƙasan adaka, kullum da dare in fito da shi in duba a hasken aci-balbal in mayar. Inna ta jujjuya shi a hannu ta ce, "Takalmin da ba a zuwa Idi da shi, ba a zuwa biki, me ake yi da shi?" Na ce, "Jos ake zuwa da shi, Inna." Ta ce Allah ya kai mu.

Da ruwa ya ɗauke aka raba mana langalanga. Ciyawar Keffi ba ta wasa, gamba da tofa sun kai ƙugu, muka yi mako guda muna sara har tafin hannu ya yi bororo ya fashe ya zama kanta, ƙamshin ɗanyar ciyawa ya cakuɗe da hayaƙin ƙunar daji da ke tasowa daga gonaki, shirwa na shawagi a samansa. Muka ja layi da toka a cikin hudajjen gwangwani. Muka kafa sandunan malaina, muka gicciya gora. Raga babu. In an ci, wanda ya fi kowa ƙanƙanta ya bi ƙwallo cikin rogo.

Yamma uku Gemmasta ya yi yana gwada mu, usur a wuya da jar igiya, hannu a baya, bai ce uffan ba, sai dai jefi-jefi ya zaro guntun fensir daga bayan kunne ya ɗan yi rubutu a bayan kwalin ashana. Na yi gudu a yammacin nan uku kamar wanda kura ta biyo. A rana ta biyu na yanke mutum biyu a jere, na waiga in ga ko ya gani. Agogo yake kallo.

Ranar Alhamis aka kafe takardar a allon sanarwa, bayan waya mai ido-ido. Da tafiretar ofishin firinsifal aka buga ta, wadda harafin a ɗinta ke ɗan ɗagowa sama da sauran, sunaye goma sha takwas. Na karanta daga sama zuwa ƙasa. Na karanta daga ƙasa zuwa sama. Na zura yatsa ta cikin wayar ina bin su ɗaya bayan ɗaya, kamar suna zai iya ɓuya a bayan wani sunan. Akwai a ciki waɗanda sai sun bi haɓa da reza da asuba kafin su zo makaranta, har da wanda muka san an sa masa rana, amma wannan ba a faɗa, don in ka tona na wani a tona naka. Ina nan tsaye har aka buga ƙararrawa, tsohon wilin mota da aka rataye a mangwaro, ƙarar ta bi ta cikin haƙorana.

"Kai, zo nan," in ji Gemmasta daga baranda. Na je na rusuna. "Ƙafarka ba ta kai ba tukuna, amma hannunka ya kai. Kai ne sakatare. Ran Litinin ka zo da biro, za mu je ƙuri'a."

Bokitin ruwa da lemu ma na sakatare ne, daga baya na gane.

Ya goya ni a bayan Honda Benly ɗinsa. Hunturu ya fara sauka, leɓe na tsagewa, hazo ya cinye rabin Dutsen Maloni, dutsen da ya ci sunan Baturen da Magaji Ɗan Yamusa ya kashe a 1902 kafin ya yi wa Kano tsinke. Kakata ba ta taɓa kama sunan Baturen ba, sai dai ta ce "mutumin Magaji". Muka bi ta ƙofar fadar Sarki Chindo Yamusa, dogarai na shan hantsi, Malam ya rage wuta ya ɗaga hannu ya yi jinjina, ni ma na ɗaga, biro na sukata a cinya ta cikin aljihu.

Ofishin yana warin tawadar injin gurza takarda da kashin jemage. Fanka a sama ba ta motsi, gizo-gizo ya naɗa mata rawani. A lungu masinja ya ɗora buta a kan risho, gefensa gwangwanin Peak da aka yi wa huji biyu, da kwalin sukarin St Louis, shuɗi, wanda ya ƙare sai ɓurɓushi da kiyashi. Malamai tara a kan benci, waɗansu da jar ƙura har gira don tun asuba suka taso daga wajen Nasarawa da Garaku da Karu da Akwanga, kowa na yi wa kowa tsiya, wannan ya ce a ba shi wancan ya yi karin kumallo da shi, wancan ya ce bara ma haka ka ce. Jami'in da ke shugabantar zaman dattijo ne mai sanyin murya. Ya yago falle ɗaya daga littafi, ya miƙo mini tare da jerin makarantu, ya ce, "Yaro, rubuta kowacce daban, ka nannaɗe."

Falle ɗaya in ka ninka shi sau uku, takwas yake bayarwa. Makarantu tara ne.

An jero su ne daga na nesa zuwa na kusa, saboda haka tamu ce ta takwas, ta tara kuwa Kwaleji. Ba sai an ce Kwalejin Gwamnati ta Keffi ba, Kwaleji kawai, duk garin ya sani. Tun 1949 take, ta girmi Gemmasta kansa, 'ya'yan Arewa daga Katsina har Binuwai ke kwana a cikinta, kuma wani siririn Bakatsine da ya bar ta a 1969, shekarar da aka haife ni, shi ne Umaru Musa 'Yar'aduwa da muka zo muka rataya hotonsa a ofis a 2007. Mu 'yan je-ka-ka-dawo, abin da muka sani game da ita bai wuce abin da ake hangowa daga nesa ba: fili shimfiɗaɗɗe kamar faranti, but mai ƙusoshi, riguna iri ɗaya da lamba a baya. Da raga. Farar raga mai lilo a iska.

Na rubuta takwas da mafi kyan rubutuna, na ɗaga kai. Dattijon yana magana da wani. Kunya ta hana ni in ce, "Ranka ya daɗe, takarda ta ƙare," gani nake kamar laifina ne da ban iya raba falle gida tara ba. Sai idona ya sauka a kan kwalin sukari. Na miƙa hannu a hankali na ɓalle marfinsa, na kaɗe kiyashin, na rubuta Kwaleji a gefen da ba shuɗi ba. Takardun na ninke su sau huɗu-huɗu. Kwalin sau biyu ya yarda.

Dattijon ya cire hularsa, na juye abin da ke cikin tafina, ya rufe bakinta da hannu ya girgiza kusa da kunne kamar mai jin ko ƙwai ya yi bara-gurbi. Sannan ya yi bayani. Tara ba ta rabuwa, don haka biyun farko da suka fito su za su yi wasan share fage, wanda aka ci ya koma gida, wanda ya ci ya cike takwas. Daga nan har kofi sili ɗaya ƙwale. Ya yi bisimilla ya sa hannu da kansa, ya warware, ya nisanta takardar daga idonsa, ya karanta sunan makarantarmu. Aka yi shewa. Gemmasta ya yi murmushin yaƙe ya ce ba komai, ko wa aka ba mu.

"Na biyun yaro ya ciro," in ji dattijon. "Hannunsa bai san komai ba."

Aka ce in juya fuska wajen taga. Ta tagar ina hangen wata akuya ta ɗage ƙafafun gaba tana cin wata tsohuwar sanarwa a jikin bango, butar masinja ta fara kuka. Na tura hannu. Ɗumi. Takardu bakwai masu laushi suna zillewa daga yatsuna kamar 'yan tsaki, sai guda ɗaya mai tauri da ke zaune daram, kusurwarsa ta soke ni a ɗan'ali. Na san shi. Na janye yatsa na zagaya, na kama wata mai laushi har na ɗago ta, na ji nauyinta da bai kai na gashin kaza ba, ko ta wace makaranta ce oho, wataƙila ta waɗanda za mu iya zuba wa huɗu kafin a tafi hutun rabin lokaci. Na sake ta. Na koma.

"Yau har da sukari," in ji dattijon, aka yi dariya. Ya warware ya karanta, dariyar ta ƙaru. Gemmasta bai yi dariya ba. Ya dubi shuɗin kwalin, ya dubi lungun masinja, sannan ya dube ni, kallo ɗaya, ya mai da idonsa kan fankar da ba ta motsi.

Yaron nan nake ta kallo shekara arba'in, siriri, wuya kamar mariƙin lema, wandon kaki da ya sha dutsen guga har ya fara sheƙi, kuma har yau ban gama sanin abin da ya mai da hannunsa ba. Da fari na gaya wa kaina kwalin ne ya maƙale a yatsa. Ƙarya ce, ba ta kuwa daɗe ba. Daga baya na ce haushi ne, tunda ni ba za ni Jos da kambas a ƙafa ba to kowa ma ya zauna, a fasa kowa ya rasa. Wannan na riƙe shi shekaru masu yawa don ya fi ciwo, mutum kuwa yakan ɗauka abin da ya fi ciwo shi ne gaskiya. Wani lokaci, in na tashi da sauƙin kai, sai in ce raga ce ta ja shi, so yake ya tsaya a bakin filin nan daga ciki ko da bokiti ne a hannunsa. Akwai kuma wata da ta zo mini a makare, ina zaune a kan buzu bayan sallar asuba: tun da yatsa ya gane kwalin, ƙuri'a ta riga ta mutu a cikin hular. In ya kauce masa ya yi wa makarantarsu maguɗi, in ya ɗauko shi ya kashe ta. Babu sauran hannun da bai san komai ba. Wataƙila yaron ya zaɓi cutar da ba wanda zai ce ya ci riba a cikinta. Ina so in yarda da wannan. Ta yi masa kyau da yawa, shi ya sa nake zarginta.

A hanyar komawa Malam bai ce komai ba har muka kai bakin kasuwa. Ya tsaya wurin mai gasa doya ya saya mana ta sule biyu, aka kankare baƙin da wuƙa, aka zuba manja da yaji. Muna ci a tsaye, sai ya ce, bai ko dube ni ba, "Ƙaddara ce. Kada ka sa a ranka." Ya ɗan yi shiru, ya lashe yatsa. "Gobe in takarda ta ƙare, ka tambaya."

Doyar ta tsaya mini a maƙoshi.

A makaranta yara suka yanyame babur ɗin tun bai tsaya ba. Da suka ji, wani ya dafa kai, wani ya zauna a ƙasa, kyaftin ya ce wane mai baƙin hannu ne ya ciro mana wannan. Malam yana kafe babur ya ce, "Hula ce ta ciro." Bai ƙara ba, har ya bar duniya.

Ranar wasan Inna ta fere lemu talatin da 'yar wuƙarta, ɓawon na sauka zare ɗaya ba tsinkewa, ta rataye shi a ƙusa ya bushe don hayaƙin sauro. Na ɗauki bokiti da kofin silba da gwangwanin gulukos da kwalbar mantaleta, muka taka a ƙasa, layi ɗaya, wasu da ƙullin laya a cikin safa, muka shiga ta ƙofa. Ana dab da farawa takalmin Mudanmu ya buɗe baki. Ya dubi ƙafata. Na zo da kambas ɗin a ƙafa, fari fat, na goge shi da alli tun dare, ban san don me ba. Na tsuguna na kwance igiya. Haka kambas ɗina ya buga wa makaranta wasa daga farko har ƙarshe, ni ina bakin layi ƙafa ba takalmi, busasshiyar ciyawa na tsikarina.

Ban taɓa jin ƙarar ƙwallo a cikin raga ba sai ran nan. Ba ƙara ba ce ma, wani ɗan shuu ne, kamar an watsa tsaba a faifai. Kunya nake ji in faɗa, amma ya yi mini daɗi. Okala ya yi abin da ya fi ƙarfinsa, ya tashi sama ya kwanta ƙasa, gwiwa duk jini, a hutun rabin lokaci na zuba masa gulukos a tafi ya lashe, farin garin ya manne masa a leɓe, ya ce mini yana haki, "Sakatare, da wasu aka ba mu da mun je Jos, wallahi." Na ce haka ne. Na ba shi lemu biyu maimakon ɗaya.

Ni huɗu na ƙirga. Shi har gobe uku yake cewa, wai ta ƙarshen satar gida ce.

Ni na rubuta sakamakon a littafin Malam, ni na ja layi a kan sunanmu a jadawalin da aka gurzo, da rula, don ya miƙe. Gasa ta ci gaba ba mu, barguna suka koma adaka. Kambas ya dawo mini da daddare, jawur da ƙasa, wajen babban yatsan hagu ya ɓule, yana warin ƙafar wani. Na wanke shi da sabulun salo har sau uku, bai ƙara yin fari ba. Da shi na ƙarasa makaranta.

Jos sai da na shekara 23 na gan ta, da fayil a hammata, neman aiki. Kawu bai yi ƙarya ba game da Hawan Kibo. Bayan 1996 ma, da aka raba jiha, ba mai zuwa can neman kofi, Lafiya ake nufa. Jami'a ta zo, gari ya kumbura ya haɗiye gonakin rogo, filinmu yanzu ɗakunan haya ne na ɗalibai, daidai inda Okala ke tsayawa wani yaro ya kafa lema yana cajin waya. Okala kansa yana nan, ya yi furfura, ya ajiye tuƙi, muna haɗuwa a ɗaurin aure da zaman makoki, har yanzu Sakatare yake kirana. A jana'izar Gemmasta muna tsaye kafaɗa da kafaɗa, na buɗe baki sau biyu. Na farko aka ta da kabbara. Na biyu ba abin da aka tayar, ni ne na rufe.

Ashe wayar tana kunnena. Ihu ya ɓarke a can, Auta na ta kiran, "Baba! Baba! An ɗauke mu!" Bai rufe baki ba murna ta koma ciki, wai an tura su gidan wata jami'a mara imani, kuma su za su fara karawa da ita. "Kwamitin nan ba su kyauta mana ba, Baba, son kai ne kawai." Na ce ya yi haƙuri, ai rai biyu gare su. Na bar shi ya zage su son ransa, mutanen da bai san ko fuskarsu ba, har katinsa ko nawa ya ƙare.

Barkono dai ya jiƙe, na sha faɗa. Da daddare aka ɗauke wuta, ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya, na kunna fitilar waya na shiga kicin na lalubo kwalin sukarin da ake ajiye wa baƙi. Har yanzu shuɗi ne. Na ɓalle marfin, na yago falle daga tsohon littafin lissafin cefane, na ninka sau uku na yayyaga, na ware guda ɗaya na ajiye gefe, tamu ke nan. Na cire hulata na zuba sauran, na girgiza kusa da kunne, na juya fuska wajen taga. So nake in gani ko da gaske yatsa na iya ganewa, ko kuwa shekaru ne suka ƙara wa labarin gishiri.

Ban kai ƙasan hular ba ya soke ni.

"Malam, me kake nema a cikin hula da daren nan?" in ji uwargida daga bakin ƙofa, kofin shayi a hannunta.

Na ce ba komai. Ta dubi kwalin da aka ɓalle wa marfi, ta dube ni, ta ɗauke shi ta jefa can saman kabad inda hannuna ba ya kaiwa, sannan ta miƙo mini shayin. Ba sukari, likita ya hana.